Sanarwar Rasuwar Ɗan Kwatano, Famfon Gidan Malam Namadi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, iyalan Malam Namadi, tsohon direban motar albasa da ke garin Illo, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Bagudo, Lolo da tsallaken iyaka rasuwar famfonsu, wanda aka fi sani da Ɗan Kwatano. Ya cika ranar Alhamis da hantsi, yana bakin aikinsa, bayan jinyar mako biyu. Ya bar duniya yana da shekara huɗu da wata bakwai.

Ga wanda bai san marigayin ba, ɗan injin kaɗa ruwa ne, bai wuce dunƙulen hannu ba, kuma duk rayuwarsa a cikin ruwan gishiri ya yi ta. Shekarar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Sa'adiyya, uwargidan Malam Namadi, maganarta ta ɗauke, ta koma kallon bango. Shekara talatin mijinta yana ba ta labarin teku, yana yi mata alkawarin zai kai ta ta gani. Da ya ga tafiya ta gagara, sai a lodinsa na ƙarshe ya dawo daga Kwatano, birnin bakin teku na ƙasar Benin, da tankin gilashi, da buhun gishirin teku, da kifi biyu masu launin lemo. Ya kuma zo da murjani, ba irin na wuyan mata ba, mai rai, wanda ke tsiro a kan dutse kamar fure. Murjani ba ya motsawa daga inda yake. Sai ruwa ya kawo masa abinci, ya wanke masa datti, in ruwa ya tsaya ya shaƙe. Wannan aikin shi Ɗan Kwatano ya riƙe.

Ya kasance mai haƙuri da kawaici. Bai taɓa ɗaga murya ba, iyakarta "zuuuu" a hankali, kamar mai tasbihi. Abin da batirin sola ya ba shi, shi yake ci. Wata na biyu da zuwansa, Sa'adiyya ta juyo daga bango. Ta kafa wa murjanin ido yana rausaya dama da hagu, ta ɗaga hannunta mai lafiya tana binsa. Ranar nan ta buɗe baki ta ce, "Malam, shina rawa." Malam Namadi ya fita zaure don kada ta ga hawayensa.

Ciwon ajali ya fara ne da tari: "kar, kar-kar, zuuu." Maigidan ya cire shi, ya jiƙa shi a ruwan tsami, ya kankare farar ƙasar da ta daskare a farfelarsa da tsohon buroshin haƙori. Ya ɗan samu sauƙi na kwana uku. Daga nan sai ya riƙa suma, sai an taɓa shi da yatsa ya farfaɗo. Ranar Alhamis ya ce "ƙit" sau ɗaya, bai ƙara ba.

Marigayin ya bar kifi biyu, da jatan lande guda, da dodon koɗi shida, da murjani rassa goma sha ɗaya. A lokacin rubuta wannan sanarwa saura takwas. Uku sun yi fari fat, kamar ƙashi.

Bai bar magaji ba, kuma Malam Namadi ya roƙi a rubuta cewa laifinsa ne. Mai shagon da ya sayar masa ya ce ya ɗauki biyu, su fuskanci juna, in ɗaya ya gaza ɗaya ya riƙe. Shi kuwa ya ce ɗaya ya isa.

An nemi magaji iyakar nema. A kasuwar Lolo, Muktar mai gyaran injin ban-ruwa ya ba da mafi ƙanƙanta a shagonsa, irin na kududdufin tarwaɗa. Da aka kunna shi, ya harba ruwa kamar bakin tiyo, ya tayar da yashi, ya kifar da dutse, ya yage wa murjani ɗaya fata. Sa'adiyya ta yi ƙara, aka zare waya. Washegari aka kawo wani daga Malanbil, can tsallaken iyaka. Muktar ya buɗe cikinsa, ya girgiza kai.

"Baba, wanga na ruwan daɗi ne. Sandar cikinai ƙarfe ce. Gishiri ka cinye ta, tsatsa ta kashe maka kome."

"To mi zan yi, Muktar? Suna mutuwa ina kallo."

Muktar ya mayar wa famfon murfinsa, ya miƙa masa.

Tun daga ranar, da ludayin duma ake kaɗa ruwan. Malam Namadi ya yi, 'yarsa Mashkura ta karɓa, ƙanensa Badamasi ya karɓe ta. Kafaɗar tsohon ta kumbura, ba ya iya ɗaga buta. Jiya Sa'adiyya ta ƙi kunu. Yau da safe an same ta ta mayar da fuska bango.

Saboda haka iyalan suna roƙon duk direba ko ɗan kasuwa da zai taso daga Kwatano ko Ikko cikin kwana biyun nan, don Allah don Annabi, ya tsaya shagon masu kifin ado. A ce musu na ruwan gishiri ne, tanki mai cin jarka goma. Mai faffaɗan baki ake so, wanda ke tura ruwa a hankali kamar igiyar kogi, ba mai harbi ba. Sandar cikinsa ta zama ta tangaran. Ya zama mai manne wa gilashi da maganaɗisu, wanda batir zai iya ɗauka. Guda biyu, ko da ba su yi kama da juna ba. Wanda ya samu ya ba kowace motar Illo, duk tasha an san Namadi.

Za a binne marigayin gobe Talata bayan la'asar, a gindin darbejiyar bayan gida, naɗe a cikin tsumman goge gilashi. Za a karɓi gaisuwa a ɗakin uwargida, mutum ɗai-ɗai. Mai zuwa ya wanke hannu har gwiwar hannu ba da sabulu ba, kada ya shafa turare ko mai, domin duk wanda ya shigo zai karɓi ludayi gwargwadon ƙarfinsa.

Badamasi ne zai wakilci iyali a bakin kabari. Malam Namadi ya ce a ba marigayin haƙuri, ba zai samu raka shi ba, domin a lokacin nan shi ke da ludayi, in ya fita babu mai kaɗa ruwa.