Ranar da Na Yi Tafinta a Gandi

Da ana mayar da jiya, da na koma kasuwar Gandi na toshe bakina da hannu. Ba zan manta da ranar nan ba har in koma ga Allah.

Zamanin Turawa ne, ina saurayi. Elementare na yi a Wurno, da Hausa anka koya muna karatu. Turancina kuwa tsintuwa ne daga bakin wani ɗan'uwana mai yi wa Bature kuku a Sakkwato. Amma na cika gari da cewa na iya (har 'yan mata nake yi wa, Allah Ya yafe mani).

Sai ciwon bushiya ya faɗa wa shanu. Baturen dabbobi ya zo kasuwar Gandi yin allura, tafintansa kuwa zazzaɓi ya kwantar da shi a Rabah. Kawuna ya jawo ni gaban taro. "Ga ɗanmu, Turanci kamar ruwa!"

Bature ya fara magana. Jama'a, kalmomin nan duk kamarsu ɗaya a kunnena, kamar tsabar gero a ƙwarya. Ko guda ban kama ba.

Arɗon Fulani ya dube ni. "Mi ya ce, ɗan malam?"

Maimakon in ce ban ji ba, sai na gyara hula. Na san dai Bature ba ya zuwa sai da ƙidaya. "Baffa, ya ce a kawo shanu duka a ƙirga."

Wa ya ce wa Bafillace ƙirga! Sunka ɗauka jangali ne. Nan take makiyaya sunka fara kora garke sun nufi daji, da marasa lafiyar da masu lafiyar. In sun tafi, ciwon zai cinye su.

Sai Baturen ya miƙe, ya ɗaga murya da Hausa tsantsa, har da karin Sakkwatanci: "Arɗo, ku dawo! Magani ne, ba haraji ba!" Sannan ya juyo gare ni. "Yaro, mi na yi maka?"

Ashe yana jin Hausa, al'adarsu ce dai magana ta bakin tafinta.

Kasuwa ta kece da dariya. Arɗo ya miƙo mani igiya. "Riƙe maraƙin nan, shi ba ya buƙatar fassara."

Na wuni ina riƙon maruƙa, ana yi masu allura, kuma Allah Ya sa mafi yawan shanun sunka tsira.

'Ya'yana, don Allah kada ku bi sawuna. In ba ku ji ba, ku ce ba ku ji ba, sai a sake faɗa maku.