Maijego a Cikin Gilashi

Ba zan taɓa mantawa da wannan safiyar ba, kuma ko na so mantawa, mutanen Gummi ba su da niyyar bari na. A farkon shekarun tamanin ne, ina amarya. Maigidana, wanda kowa ke kira Malam, kimiyya yake koyarwa a makarantar sakandare. Wani Bature da suka yi aiki tare, da zai koma ƙasarsu, ya bar masa akwatin gilashi da 'yan kifaye a ciki, wai asalinsu daga Meziko. Ba su wuce ɗan yatsa ba. Ba a ci, ba a sayarwa, sai kallo. Mazan masu jan wutsiya, macen kuwa ɗaya tak.

Malam ya ɗauki son duniya ya ɗora musu. Ya jiƙa buhu ya naɗe gilashin, ya canza musu ruwa daga randa, da rana har fifita yake yi musu (ni da aka biya wa sadaki ban taɓa samun wannan gatan ba). Kullum maganarsa ɗaya: ruwan sanyi suke so, zafi kashe su yake yi.

Matsalar ta faro ne ranar da ya je gaida Kawu Mamman, ƙanen Innata, masunci tun kaka da kakanni. Dama Kawu bai so aurena da ɗan boko ba. Malam ya buɗe baki a cikin zaure cike da masunta ya ce kifinsa ba ya ƙwai, haihuwa yake yi.

Kawu ya ce, "Malam, cikin gulbi anka yanke min cibiya. Kihi shi haihu awa akuya? Ashe maƙaryaci munka ba ɗiya."

Daga ranar ya daina taka gidanmu. Malam in ya bi ta kasuwa sai a riƙa tambayarsa yaushe ne suna. Abin ya ci mini rai ƙwarai, don ina son mijina kuma ina son Kawu, ga shi an bar ni a tsakiya. Babu abin da nake roƙo irin ranar da Kawu zai gani da idonsa.

Ranar kuwa ta zo. Cikin macen ya yi tulu-tulu, sai da hantsi Malam ya ƙwala mini kira, wai ta fara. Ya fisgi kekensa zai ɗauko Kawu daga bakin gulbi. Har ya kai ƙofa ya juyo ya ce, "Don Allah kada ki taɓa komai."

Na tsuguna ina kallo. 'Ya'ya uku suka fito, wutsiya a gaba, kowanne da wani siririn zare a ƙasan ciki. Cibiya! To, a nan ne fa kaina ya ɗau zafi. Ni 'yar ungozoma ce. Inna ta karɓi haihuwar rabin unguwarmu a Bukkuyum, ni kuma tun ina ƙarama nake hura wutar ruwan wankan masu jego. Ga uwa ta kwanta a ƙasan gilashi tana haki, a cikin ruwa mai sanyi ƙarara. Maijego a ruwan sanyi! A wurinmu ai haka mace ke kumbura ta mutu. Na ce a raina, Bature ya san kifi, Malam ya san littafi, amma a cikin su biyun wa ya taɓa ganin jego?

Na sa ludayi na kamfato ta zuwa ƙwarya. Na ɗora ruwa, na jefa ganyen darbejiya, na ɗan marmasa kanwa. Kuma a shaide ni, na surka (ba yadda Inna ke surkawa ba ma, har sassauci na yi mata). Na tsiyaya a hankali ina cewa sannu.

Ta yi wani juyi guda, ta miƙe, ciki ya koma sama. Wallahi da farko cewa na yi daɗi ta ji. Sai na ga ta fara yin fari.

Ina nan tsugune da ganye a hannu na ji sallama. Malam ne a gaba yana washe baki, Kawu a baya, da wasu dattawan masunta biyu da suka san ni tun ina goye. Malam ya nufi gilashi, ya leƙa sama ya leƙa ƙasa. "Ina uwar?"

Kawu ya ɗaga hanci ya shaƙa. "Wa ka dahuwar kihi da sahen ga?"

Na ce, "Ba dahuwa ta ba, Kawu. Wanka nika yi mata."

Sai ɗaya dattijon ya dafa bango ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Dariyar ba ta dame ni ba kamar fuskar Malam. Idanunsa suka kaɗa. Da ƙasa za ta tsage da na shige, har da ƙwaryar.

Kawu ya nuna 'ya'yan da haɓa. "Waɗanga ko daga ƙwai suna hitowa. Mu dai ba mu ga haihuwa ba."

Wato na kashe kifi, na kuma kashe shaidar mijina. Kuka ya taso mini, amma na haɗiye shi, don wani abu da idona ya saba gani bai ɓace mini ba: cikin uwar nan bai saɓe ba. Na miƙe na tura wa Kawu ƙwaryar.

"Ba ta ƙare ba. Ku diba cikinta."

Ya harare ni, ya ɗauke ta a tafin hannu, ya sa farce ya tsaga kamar yadda ya yi wa kifi dubu. Ga su nan kwance a jere, da idanu, da wutsiya, da cibiya. Ƙwai ko ɗaya babu. Kawu ya yi salati, ya sake yi. Ya daɗe yana kallon tafinsa, sannan ya ce, "Malam, gaskiya kah hwaɗi. Ka gahwarce ni."

Malam ya amsa masa da ladabi, ni kuwa ya ɗauki lokaci bai amsa mini ko sannu ba. Allah ya taimake ni cikin ukun nan akwai mace, da ta girma ta cika mana gilashi. Sunan Ungozomar Kihi kuma ya bi ni har yau da nake da jikoki.

Na koyi darasi, ban musa ba: ba kowace maijego ke son wanka ba. Amma mai jiran in ce na yi nadama sai ya nemi wurin zama. Da ban dafa ta ba, wa zai yarda a tsaga ta? A ranar nan Kawu ya zauna a tabarmarmu ya ci tuwo tare da surukinsa. Sai dai da na kawo masa ruwan wanke hannu, ya dube ni, ya dubi kwanon, ya tura wa Malam ya ce ya fara sa nasa.