Rikodar Mai Guga Ta Yi Shiru

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, mai wanki da guga na bakin kwana, wanda 'yan layi suka fi sani da Alƙalin Murya, yana sanar da 'yan'uwa, abokan arziki da masu kawo masa kaya cewa rikodarsa mai bakin kaset biyu ta yi shirun da ba a tashi. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan kantarta da ke saman teburin guga, bayan doguwar jinya. Ta bar duniya tana da shekara talatin da ɗaya, biyu daga ciki ta yi su a hannun wani direban babbar mota da bai san darajarta ba.

Marigayiya ta shigo shagon tun mai ita yana da baƙin gashi da 'ya guda a goye. Daga ranar ba a ƙara hura gawayin dutsen guga ba sai an fara danna mata maɓalli, ta ce ƙwas, ta yi shhh na ɗan lokaci kamar mai gyaran murya, sannan ta buɗe baki. Ta sha tururi, ta sha hayaƙi, sau biyu ta faɗo daga kan kantar, amma ba a taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da rashin nuna bambanci. Manyan muryoyin duniya sun bi ta maƙogwaronta ba tare da ta tambayi asalin kowa ba. Ta ɗauki muryar mutumin nan da ke waƙa kamar daga ƙasan rijiya. Ta ɗauki ta mai tsakuwa a wuya, wanda ke sa masu jiran kaya kaɗa ƙafa ba su sani ba. Fiye da kowa kuma ta yi wa wata mata hidima, wadda ke waƙa da rundunar masu goge a bayanta, tana hawa tana hawa har sai mai sauraro ya ji tsoron kada ta faɗo. Alƙali ba ya jin ko kalma ɗaya a harshen matar, amma wannan bai taɓa hana shi yi wa jama'a fassara ba. Yau ya ce mijinta ne ya tafi bai dawo ba, gobe a waƙar nan dai ya ce ɗanta ne.

A shari'ar Alƙali, ba yawan masoya ke nuna babban mawaƙi ba. Babbar murya ita ce wadda za ta sa mutum ya manta abin da ke hannunsa. A kan wannan ma'auni riguna bakwai suka ƙone a shagon, huɗu a dalilin matar nan, kuma ana sake ba masu su haƙuri.

Maƙwabcinsa mai walda bai taɓa yarda da hukuncin ba. Shi a wajensa, matar ta yi kama da wadda ƙofa ta datse wa yatsa. Shekara ashirin suna wannan musu, marigayiya ce shaida. A rana ɗaya akan mayar da ita baya sau goma domin a ji wuri guda, tana kukan ƙiririri, Alƙali yana ɗaga yatsa sama, mai walda yana toshe kunne. Ba ta taɓa goyon bayan kowa ba.

Ciwo ya fara mata ne daga sifikar hagu, wadda ta kurmance shekara shida da suka wuce. Daga baya maɓalli ya daina tsayawa sai an cusa masa tsinken ashana. A bara ƙarfinta ya ragu, ta koma jan waƙa a hankali, har matar nan ta zama namiji, mutumin rijiya kuwa ya zama bijimi. Mai walda ya ce yanzu ne ya fara jin daɗinsu. Sau uku aka kai ta wajen mai gyaran rediyo, a na ukun ya faɗi gaskiya cewa kayan cikinta an daina yin su.

Ranar da za ta tafi, shagon babu kowa. Alƙali ya saka mata wani kaset marar rubutu a jiki. Ta rera rabin baiti, ta ce wau, wau, sai ta tsaya, bakinta ya kafe. Ya naɗe ta a tawul ɗin wani mai kaya, ya rungume ta har shagon mai gyara, mai walda yana biye da shi. Labari ya kai ga 'yarsa a wajen aikinta, ita ma ta iso.

Mai gyara ya duba, ya girgiza kai. Alƙali bai ce a sake gwadawa ba.

"Na haƙura da ita," in ji shi. "Amma kaset ɗin nan, don girman iyayenka, a hankali. Ba shi da na biyu."

Sa'a guda mai gyara ya yi yana zaro zaren da ya cukuikuye a cikinta. Ya haɗa inda ya tsinke da salatif, ya naɗe da biro, ya saka a tasa rikodar. Kowa ya zaci matar nan mai hawa sama za a ji. Sai ga ƙarar ruwa da kwanuka, ga muryar wata yarinyar mace tana rera waƙa don kanta, murya siririya mai sanyi, babu ganga babu goge. Jaririya ta fara kuka a gefe. Mai waƙar ta tsaya, ta yi dariya, ta ce, "Kai, me kake ɓoyewa a bayanka?"

'Yar ta gane dariyar mahaifiyarta, ta kuma gane wace ce mai kukan. Kafin Alƙali ya ankara, 'yar ta ɗauki muryar a waya ta tura gida.

Da yamma ya tarar da maman yara zaune da waya a cinya. A saninta, tun a makon da ya ɗauki muryar ya goge abin. Ta ce yarinyar da ke waƙar ta iya, sai dai ta yi gaggawa a amshi. Sannan ta dube shi.

"Wato shekara kusan talatin kana zuwa shago ka saurare ni, alhali ina nan gida?"

Alƙali, wanda ya yanke wa mawaƙan duniya hukunci ba tare da ya yi tari ba, ya ce ai ta daina waƙa tun tuni.

"Wa ya taɓa cewa in yi?" in ji ta.

Marigayiya ta bar kaset ɗari da goma sha huɗu a kwali biyu, da biron naɗi, da eriyar da aka yi mata da wayar rataye riga. Ta kuma bar wata ƙaramar sifika da 'yar ta saya don ta gaje ta, wadda har yanzu ba a yarda ta hau kantar marigayiya ba.

Za a goge gawar da tsumma mai laushi, a lulluɓe ta, a kwantar da ita a saman durowar ɗaki ranar Juma'a da la'asar. Ana karɓar gaisuwa a shago har kwana uku. Ana roƙon masu zuwa kada su kunna wa mai rashi waƙa a waya da sunan lallashi, kuma masu sayen tsofaffin ƙarfuna su bi ta wani layin.

Maman yara ta amince cewa bayan an kwantar da marigayiya za ta rera waƙa ɗaya a falo, iyali kawai. Mai walda ya nemi alfarmar tsayawa a bakin ƙofa, an ba shi. Ta gindaya sharaɗi biyu: kada kowa ya ɗauka a waya, kuma maigidan zai zauna a gaba, ya saurara har ƙarshe, bakinsa a rufe.