Sallau Aradu da Gatarin Talakawa

Wani mutum ne a Tudun Ɗorawa, ana ce masa Sallau Aradu. Ko kaza bai taɓa yankawa ba, amma a Fesbuk sai ya binne mutum goma kafin karin kumallo. Ɗan jam'iyyar Tulu ne, kuma burinsa ɗaya a duniya: Ciyaman na ƙaramar hukuma ya naɗa shi mataimaki kan yaɗa labarai.

Sai dai babu mai tanka masa. Da ya ga zaginsa na tafiya a banza, sai ya sayi tsohuwar waya da sabon layi, ya buɗe wani shafi da sunan Gatarin Talakawa, wai ɗan jam'iyyar Tsani. Aradu ya yi zagi da hannun dama, Gatari ya rama da na hagu.

Kafin wata biyu gari ya dare gida biyu. Famfo ya shekara uku babu ɗigon ruwa, asibiti babu ko auduga, ba wanda ya ce uffan. Amma saboda Aradu da Gatari, mai shayi ya raba benci biyu, wanzami ya daina aske 'yan Tsani, wa da ƙane suka ja katanga a tsakar gida.

Rannan gidan rediyo ya gayyaci gwanayen biyu muhawara. Ciyaman ya kira Sallau ya ce, "Ka kayar da shi jama'a na ji, takardarka tana kan teburina."

Sallau ya bugi ƙirji, dam! "Ranka ya daɗe, wannan ko tarina ya ji sai ya nemi makewayi. Na rantse ba zai zo ba!"

Ranar muhawara magoya bayan ɓangarorin biyu suka cika harabar gidan rediyon maƙil, kowa da rediyo a kunne. Sallau ya shiga da babbar riga mai sitaci, ya harɗe, ya nuna kujerar da babu kowa.

"Jama'a, kun gani? Matsoraci! Ya ji Aradu ya shige ƙarƙashin gado!"

Mai gabatar da shirin, Malama Kubura, ta gyara tabarau. "Adalci shi ne a ji kowa, Malam Sallau. Akwai lamba a shafinsa. Bari mu kira shi kai tsaye."

Ƙirrr! Ƙirrr!

"Malam Sallau, aljihunka na kuka."

"Mai ɗakina ce. Batun cefane ne."

Kubura ta katse kiran. Aljihu ya yi tsit. Ta sake kira. Ƙirrr!

"Ikon Allah. Ashe mai ɗakin taka da mu take tashi, da mu take zama. Ɗauka mana."

Gumi ya karyo masa, sitacin riga ya saki. Ya laluba ya zaro tsohuwar wayar, ya toshe hanci, ya maƙale murya.

"Alo... Gatari ba ya nan, ya je ƙauye gaisuwa."

Maganar ta fito a rediyo sau biyu, ɗaya daga waya, ɗaya daga bakinsa. Ciyaman, da ke sauraro a ofis, ya yaga takardar, kyat!

Ranar ce farkon da 'yan Tulu da 'yan Tsani suka haɗa kai kan manufa guda. Manufar kuwa tana gaba a guje, babu hula, takalmi ƙafa ɗaya, tana ihu:

"Jama'a ku tsaya! Wallahi ni na kowa ne!"