Sifirin Ɗin Da Ya Rage

Ana jibi tseren motocin da muke yi a fakon bayan Dangora, na ce ni zan ɗaure birkin bayan motata da kaina, irin birkin nan mai kama da ganga. Malam Sabo bakanike ya ce, "Alhaji, kwance ɓari ɗaya tukuna, ka riƙa duba ɗayan." Na tuna masa cewa ni ba ɗan koyo ba ne. Na wargaza duka biyun.

Da na gama haɗawa, sai ga wani ɗan sifirin, nannaɗaɗɗen ƙarfen nan mai talewa, ya rage a tabarma. Na yanke hukuncin cewa kamfani ne ya yi almubazzaranci, na jefa shi aljihu.

Wajen gwaji, ina taka birki a kwanar farko ƙafar baya ta cije, mota ta wulwula, sai cikin gonar albasar Baba Iro. Alhamdu lillahi ko ƙwarzane ban yi ba, albasa ce ta ji jiki.

Malam Sabo ya iso, hannu kawai ya miƙo. Na zaro sifirin na ba shi.

Har yau, ko motar wa za a tayar a garejin Malam Sabo, sai wani ya ce, "Dakata, a caje aljihun Alhaji tukuna."