Ranar da Na Gode wa Famfo

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da paipun ruwan unguwarmu ya yi wata uku bai ɗiga ko ɗigo ba. A shekarar na shiga ajin manya ina da shekara arba'in da bakwai, kuma a ita ce ƙungiyarmu ta masu lambu a Gbalahi ta samu famfo mai aiki da hasken rana.

Rukaya, 'yar ƙanwata, ita ta rubuta manhajar da ke juya famfon, da wani yare mai wuya na masu kwamfuta. Amma ba ta son mu riƙa kiranta daga Kumasi duk lokacin da za a sauya lokacin ban ruwa. Sai ta dasa wani ƙaramin inji a cikin babbar manhajar, mai karanta wani yare na biyu, kalmomi kaɗan na Hausa.

"Kawu, kamar baƙo ne aka ba shi ɗaki a gida," in ji ta. "Maigida ke riƙe da makullin famfo. Baƙon zai karanta masa abin da kuka rubuta, layi bayan layi. Kalma goman nan kawai ya sani."

Na ce, "Naa." (Haka nake cewa ko na gane ko ban gane ba.)

Da yake ni ne mai karatu a ƙungiyar, wato mai wata biyar a aji, Alhaji Fuseini shugabanmu ya miƙa mini wayar. Irin kabejin mutum tara yana hannuna, da ruwan tanki na mako guda.

Ranar Juma'a na zauna ƙarƙashin mangwaro, na yi awa ɗaya ina dannawa da yatsa guda. BUƊE RUWA. JIRA MINTI 20. RUFE RUWA. Daidai. Sai na duba na ji kunya. Ka sa wani aiki, ya buɗe maka ruwa, ka wuce ko sannu babu? Ba haka aka rene ni ba. Na ƙara layi bayan na farko: SANNU DA AIKI, NA GODE ƘWARAI. Na tura, na tafi masallaci ina jin kaina.

Da muka dawo, kwaɗi ne suka tarbe mu.

Alhaji ya kira Rukaya, ya ƙara muryar wayar, kowa ya kewaye cikin taɓo. Ta ce a karanta mata abin da aka rubuta. Wa zai karanta? Ni. Na karanta da ƙarfi, a hankali, yadda malamarmu ta koya mana. Da na kai layi na biyu sai muka ji ta tana neman numfashi don dariya.

"Kawu! Baƙon ya kai gaisuwarka bai san ta ba, ya tsaya cak. Bai kai RUFE ba. Maigida kuwa ba wanda ya ce masa ya rufe."

Alhaji ya dube ni. "To Malam, ya amsa gaisuwar?"

Rukaya ta ce ita ma da laifinta, ta gyara: yanzu in baƙon ya rikice, maigida zai rufe ruwa tukuna. Ni kuma na koyi cewa in zan gode wa inji, in bari sai ya rufe.

Abin da ya tafi: ruwan tanki guda, fangali shida na irin kabeji, takalmin Alhaji ƙafa ɗaya, da sunana. Har yau Na-Gode suke kirana.