Kwaltar Sallau Injiniya

Wani mutum ne a layinmu, can bayan tashar manyan motoci a Funtuwa, ana ce masa Sallau Injiniya. Ba wata makarantar injiniyoyi da ya taɓa leƙawa. Tela ne, kuma ko a ɗinkin ma sai ka taki sa'a hannun rigarka na dama zai zo daidai da na hagu. Shi ya raɗa wa kansa sunan, mu kuma muka kama, don ba mai ƙarfin yin musu da shi. In ka ce ka ga jirgin sama, sai ya ce ai tun yana yaro ya so ƙera irinsa, lokaci ne bai samu ba. Yanzu shi da kansa ke ba da labarin nan in an zauna, yana dariya har da hawaye. Amma ranar da abin ya faru, wallahi ba wanda ya ga haƙorinsa.

Matarsa Tabawa waina take yi ta sayarwa, tanda biyu, tun sassafe har hantsi. A shekarar nan kuwa ice ya yi tsadar da in ka sayo ɗauri ɗaya sai ka riƙa kallonsa kana jin tausayin sa shi a wuta. Ana cikin haka, wata rana Sallau ya je kai wa wani mai gadin sito ɗinkinsa. A bayan katangar siton ya ga tarin katakon ɗora kaya, irin wanda ake jera buhuna da kwalaye a kai don kada su taɓa ƙasa, duk sun kakkarye an jibge.

"Wannan fa?" in ji Sallau.

"Shara ce," in ji mai gadi. "Manaja ya ce duk mai so ya kwasa."

"Kyauta?"

"Kyauta."

Ai bai ƙara tambaya ba. Kafin la'asar sai ga amalanke shaƙe da katako ya shigo layi, ƙiiii, ƙiiii, Sallau na gaba yana taku ɗai-ɗai, hula a karkace.

Muna zaune a majalisa, gindin dalbejiyar da ke bakin layi, inda Mati mai faci yake sana'arsa. Mati dattijo ne marar yawan magana, shekara ashirin da biyu yana facin taya a wurin, da shi yake ci da iyalinsa. Sallau ya tsayar da amalanke daidai gabanmu, ya bubbuga katakon da tafin hannu.

"Ku kalla da kyau, wannan icen Turai ne! Ya hau jirgin ruwa, ya ga ƙasashen da ko a mafarki ba ku gani ba. Ku ci gaba da kai kuɗinku wa masu ƙirare. Ni daga yau ni da sayen ice sai dai a lahira, in ana sayarwa."

Muka ce, "Kai, Injiniya! Kanka na ja!"

A gida ya ɗauki gatari ya hau faskare. Tabawa ta ɗaga guda ta juya, ta ce, "Malam, katakon nan fa duk ƙusa ne. Da an ciccire kafin a sa a murhu."

"Ke Tabawa! Da me maƙeri yake narka ƙarfe?"

"Da wuta."

"To! Wutar icen Turai ta ninka ta maƙera sau bakwai. Ƙusa na shiga za ta narke ta zama toka. Wannan ilimi ne, ba harkar ƙullun waina ba ce."

"To, Injiniya," in ji ta.

Gaskiya katakon ya ci wuta. Bal-bal-bal yake yi, waina na nuna kafin ka ƙifta ido. Sai dai saurin cinyewa gare shi, toka kuwa kullum sai an cika bokiti. Da Sallau ya ga Tabawa za ta kai tokar bola, sai ya yi wuf ya tare ta.

"Ba a zubar da arziki a gidan injiniya!"

Lokacin damina ta kankama. Layinmu in an yi ruwa ba ka gane shi, daga ƙofar gidan Sallau har bakin titi caɓi ne tsamo-tsamo. Sai ga Sallau kullum da safe da takalmin ruwa har gwiwa, bokitin toka a hannu. Ya juye cikin taɓo, luɓus, taɓo ya haɗiye, ya bi da ƙafa ya daddanne. Ya fara daga ƙofar gidansa, ya yi ta gaba kaɗan-kaɗan. Abin mamaki, wurin ya ɗan tsane.

Nan fa baki ya buɗe.

"Kwalta ke nan na shimfiɗa muku. Abin da hukuma ta kasa shekara goma, tela ɗaya ya yi shi da bokiti. Ice kyauta, kwalta kyauta. Ina masu digiri?"

Kada in ɓoye muku, har da ni a masu tafi. Ni ne ma uban 'yan zaƙewa, na ce ya kamata a sa wa layin sunansa.

Ba a yi kwana goma ba aka fara jin wani sabon sauti a layi. Fussss! Babur ɗin liman. Washegari, fussss! Kurar mai ruwa, jarka goma a kai. Mai Keke Napep ya shigo da fasinja, tayoyi biyu suka sace a lokaci guda, ya fito yana salati. Motar Mai unguwa Gwadabe ma, wadda sai ranar Juma'a ake fito da ita, ta durƙushe a tsakiyar layi. Keken Sallau kansa sau uku a mako ɗaya. Kowa ya turo abin hawansa sai gindin dalbejiya. Mati ya zare ƙusa, ya jefa a gwangwani, ya liƙa faci, ko lokacin cin abinci ba ya samu.

Karo na uku da Sallau ya turo kekensa, sai ya tsaya ya ƙura wa layin masu jiran faci ido. Ya gyaɗa kai. Ya jawo mu gefe, ya yi ƙasa da murya, irin ƙasa da muryar da har bayan layi ake ji.

"Ku yi amfani da ƙwaƙwalwa. Wa ke cin moriyar wannan masifa?"

Muka kalli juna.

"Taya ta fashe, ina ake kai ta? To! Mutum na shuka ƙusa da safe, yana girbi da rana, ku kuna ce masa sannu da aiki."

Kafin magariba magana ta zaga gidaje. Masu gaida Mati suka daina. Aka kai ƙara, Mai unguwa ya ce a hallara ƙofar gidansa ranar Asabar bayan azahar.

Da ranar ta zo, Sallau ya sha babbar riga, ya zauna a sahun gaba. Mati na gefe a tsugune da wani tsohon buhu, idonsa ya yi ja. Kowa ya san in aka tashe shi daga gindin dalbejiyar nan ba shi da wurin zuwa, a shekarunsa ba zai iya fara neman masu kawo aiki a wata unguwa ba. Mai unguwa bai gama buɗe taro ba Sallau ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ni ba na kama suna. Amma ga shawarata. Duk wanda aka samu da hannu a ƙusar nan, na farko, ya tsince ta ɗaya bayan ɗaya, daga bakin titi har ƙarshen layi. A tsugune! Da hannu! Da rana tsaka, muna tsaye muna kallo. Na biyu, ya tattara nasa ya nasa ya bar mana layi."

"Ko wane ne?" in ji Mai unguwa.

"Ko ubana ne ya dawo duniya!"

Muka ce, "Haka ne! Injiniya ya gama magana!"

Mai unguwa ya juya. "Mati, me ka ce?"

"Ranka ya daɗe, na yarda da hukuncin," in ji Mati a hankali. "Alfarma ɗaya nake roƙo. A bar ni in bi sawun ƙusar nan a gaban kowa, mu ga inda take kwana."

Ya buɗe buhunsa ya fito da wani baƙin ƙarfe mai nauyi, maganaɗisun tsohuwar sifika, ya ɗaura masa igiya. Sallau ya kece da dariya. "Ku ga wani sabon injiniya!"

Aka ɗunguma bakin titi. Mati ya saki ƙarfen a ƙasa ya fara ja. A gindin dalbejiya ba abin da ya kama sai wata tsohuwar waya. Aka yi taku goma cikin layi, inda kwaltar Sallau ta tsaya. Cak! Ƙusa ɗaya. Cak, cak! Uku. Mai unguwa ya sa hannu ya ciro guda, ya ɗaga ta sama.

"Ikon Allah. Ƙusar nan ai baƙa ce ƙirin. Ta sha wuta."

Sallau ya tuna wata rana, da gatari a hannunsa, da wata magana da aka yi masa. Amma ya dake.

"Dabara ce, ranka ya daɗe! Ƙona ta ya yi don kada ta yi ƙyalli a gani."

Aka ci gaba. Cak-cak-cak-cak! Ana nisa da wurin Mati, ƙusa na ƙaruwa. Mati ya tsaya ya sharce ta a buhu, ya sake ja. Ba a yi taku biyar ba ƙarfen ya koma kamar bushiya. Gumi ya fara keto wa Sallau ta ƙarƙashin hula.

"Jama'a, ina ga mu bi ta wancan lungun, can ne ɓata-gari ke wucewa."

"Ƙusa ba ta bi ta can ba," in ji Mati.

"To ai lokacin salla ya yi."

Liman ya ɗaga kai ya dubi rana. "Wace sallar, Malam Sallau? Yanzu muka idar da azahar."

Aka ci gaba da tafiya, cak-cak da ƙarar takalma. Mu 'yan tafi muka fara ja da baya, kowa na neman wanda zai ɓuya a bayansa. Igiya ta yi ta jan Mati, Mati na jan jama'a, har ƙofar wani gida mai tarin katako a jikin katanga. A bakin zaure ga bokiti cike da toka, an ajiye don kwaltar gobe.

Mati ya dubi Mai unguwa. Mai unguwa ya gyaɗa kai. Mati ya zura ƙarfen cikin bokiti. Ƙacacacau! Sai da ya sa hannu biyu kafin ya iya ɗago shi.

Kowa ya juyo ya dubi Sallau.

Sallau ya ce, "Wato... a ilimance... akwai irin ƙusar da..."

Sai ga muryar Tabawa daga cikin zaure, a natse, kamar mai tambayar farashin gero.

"Malam, ko in ƙara mata wuta ne? Na ga kamar ba ta gama narkewa ba."

Wayyo! Liman ya toshe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Mai Keke Napep ya zauna daɓas a ƙasa yana riƙe da ciki. Mai unguwa ya yi ta gyaran murya har sau uku kafin ya iya magana.

"To, Malam Sallau, hukunci biyu ka yanke. Da wanne za mu fara?"

Mati ya yi sauri ya ce, "Ranka ya daɗe, na biyun dai ina roƙo a yafe. Kada a tashe shi. Shekara ashirin da biyu ina faci, ban taɓa ganin damina mai albarka irin ta bana ba, ashe maƙwabci ne ke yi mini hidima ban sani ba."

Aka sake fashewa. Aka yafe na biyu. Na farko kuwa Mai unguwa ya ce ba shi da ikon taɓa shi, tunda har da uban mai hukunci aka sa a ciki.

Haka Sallau ya tuɓe babbar riga ya rataye a kan icen Turai, aka miƙa masa gwangwani, ya tsuguna a bakin kwaltarsa. Mu da muka yi masa tafi kwanakin baya, mu ne muka yi sahu muna nuna masa: "Ga wata can, Injiniya! Ka tsallake guda!" Ya tona taɓo, ya ciro, ƙwal a gwangwani. Ya tona, ta soke shi, ya yarfe hannu. Da ya ɗaga kai ya hangi tsawon layin, ya ga ko taku uku bai ci ba, sai ya juya wajen Mati, murya ta yi laushi tiɓis.

"Baba Mati... don girman Allah, ɗan ara mini ƙarfen nan naka."

Mati ya naɗe igiyarsa a hankali, ya sa ƙarfen a buhu, ya saɓa a kafaɗa.

"Da na ba ka, Injiniya. To amma kai da bakinka ka ce da hannu."